Ranar da Baba Ya Dafa Sifika

Mahaifina ya yi ƙuruciyarsa har ya tsufa a gaban injinan wata masaƙa a Challawa, kuma a can ya baro kunnensa. Kowa a gidanmu na Panshekara ya san haka, ban da shi. Da an ce a je asibiti, sai ya ce mu ne ba ma buɗe baki, 'ya'yan zamani muna magana kamar masu ciwon haƙori. Abin yana ba ni dariya, yana kuma cin raina, don wani likita ya gaya mini irin wannan in aka ƙyale shi ƙaruwa yake.

Da na dawo daga wani kwas a ƙasar waje, na zo da bidiyon taron kiɗan da aka kai mu. Makaɗa ne fal a kan dandamali, masu goge, masu busa, masu ganguna, da wata mata zaune gaban fiyano, abin kiɗan nan mai kama da tebur. Na kunna a falo bayan la'asar, don kawai in burge mutanen gida.

A kashin farko akwai inda matar ke kaɗawa ita kaɗai, a hankali, sauran sun ajiye kayansu a cinya. A nan ne na yi hawaye ranar da na gani da idona. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Su ma an ɗauke musu wuta ne? Ga ma'aikata a zaune, ita kuma tana ta goge tebur."

Ƙannena suka fashe da dariya. Ni kuwa na gane bai ji kiɗan ba ko kaɗan.

Kashi na biyu babu fiyano. Makaɗan suka taso gaba ɗaya, har gilashin taga yana rawa. Baba ya miƙe ya dafa sifika da tafin hannu, yadda masaƙa ke dafa inji su ji lafiyarsa a cikin ƙara. Ya rufe ido, bai ɗaga hannun ba sai da aka gama.

"Wannan kam aiki ne," ya ce. Can ya juyo gare ni. "Ita matar ɗazu, da gaske kiɗa take yi?"

"Kiɗa take yi, Baba."

'Yata ƙarama tana riƙe da gwiwarsa tana zuba masa surutu kamar kullum. Ya dube ta, ya dube ni.

"Amaryar tawa fa? Ta fara magana?"

"Tun bara, Baba."

Ya shafa kanta. "Gobe ki kai ni wurin likitan nan naki."