Gansakukar da ta hana ta zuwa suna

'Yata ta fari renon gansakuka ne aikinta. Ranar da ta faɗa mini na ɗauka zolaya ce, don ni wadda na sani ita ce ta gindin randa, da muke kankarewa. Tata ta teku ce, ido ba ya ganin ƙwayarta, sai dai ruwan kwalba ya yi kalar shayi. A lab ɗinsu, wato ɗakin gwaje-gwaje, suna ɗiga mata ruwan da masana'antu ke son zubarwa a teku. In ta ci gaba da yaɗuwa, ruwan da dama. In ta tsaya, da guba.

Wata bazara 'yar yayata ta haihu a unguwar Thamesmead, nan ƙasar Turawa da muke zaune. Dangi sun daɗe suna cewa boko ya ɗauke mini yarinya, don haka na yi wa Yaya alkawarin zuwa da ita suna. Har anko na ɗinka mana a Peckham.

Ana gab da suna 'yata ta dawo daga aiki jiki a sanyaye. Zafin makon ya fi ƙarfin na'urar sanyaya ɗakinsu, ruwan kwalaben ya ɗumama, ya ɗan ƙafe, gishirinsa ya ƙaru. Gansakuka ta tsaya, har wadda ba a ɗiga wa komai ba. 'Yata ta sake sabon gwaji, kuma ranar suna ce ranar dubawa.

A hankali na ce, tunda ta tsaya, ta rubuta ta tsaya mana.

"Mama, ban san me ya tsayar da ita ba, guba ko zafi. In na yi signing, shaidar zur na yi."

Ta tuna mini yadda ƙullun wainata ke ƙin tashi lokacin sanyi, ba na kuma ɗora wa mai yis laifi. Na ƙyale ta.

Ni kaɗai na je. Yaya ta tare ni a ƙofar flat: "Ina likitar kwaɗin taki?" Aka yi dariya. Na ce tana can tana ba da shaida, na kuma ji bakina bai yi nauyi ba.

Bayan la'asar na ƙunsa waina, na hau bas zuwa wajen aikin 'yata. Ta fito cikin farar rigar aiki, ɗankwalin ankonmu a kanta. Ta ce gansakuka ta tashi. A tsaye ta ci wainar, tana tambayar sunan jaririya.