Ranar da Aka Kawo Mini Mai Ciwon Harshe

Ko tsufa ya kai ni ga rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da aka yi mini intabiyun shiga digiri na biyu.

Lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata wajen Ƙofar Sauri. Abin da ke damuna shi ne, yarinya za ta haddace nahawu tsaf, ta ci jarrabawa, amma ki ce ta nemi izinin fita da Turanci, sai ta kama wasa da bakin hijabi. Ga ƙarin girma ya tsaya mini cak, duk wadda aka ɗaga sama da ni mai mastas ce. Barin gari kuwa ba ya cikin lissafi, ga yara, ga aiki, ga maigidan da ko shayi aka bar masa sai ya ƙone. Sai dai karatu daga gida, ta intanet.

Na bincika na tace, jami'o'i biyu suka rage, duk a fannin kimiyyar harshe, ɓangaren da ke duba yadda ake koyon harshe da koyar da shi. Ta farko shafinta cike yake da hotunan ɗalibai suna dariya a kan ciyawa, kamar ba su taɓa jin labarin jarrabawa ba. Babu intabiyu, babu bincike. Abokiyar aikina da ta shiga ta ce tana jin darasi tana yankan alayyahu. Ta biyun kuwa 'yan tsirfa ne, sai sun gan ki ta bidiyo, kuma dole ki yi bincike a kan ajinki. Zuciyata tana wajen ta alayyahu. Intabiyun ta biyu na karɓa ne don kawai in ga ƙwaf.

Ashe akwai abin da ban sani ba. A wani taron suna, Gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke Ƙofar Kwaya, ta tambaye ni me zan karanta. Na ce mata ilimin harshe. Ta gyaɗa kai, ta sa albarka, ta koma unguwarsu ta baza cewa ɗiyarta za ta zama likitar harshe.

Ranar intabiyu, da hantsi, na yafa mayafina na zuwa biki, na jera littattafai a bayana har da waɗanda ban taɓa buɗewa ba. Na kwana biyu ina gwajin Turancin hanci a gaban madubi. Farfesar da za ta yi mini intabiyun ta bayyana a kwamfuta, wata dattijuwar Baturiya mai tabarau. Mun fara kenan, ina tauna kalmomi kamar mai cin tuwo da zafi, sai na ji sallama. Gwaggo ba ta san jiran a amsa ba. Ta ɗaga labule, tana janye da wata tsohuwa da ta toshe baki da gefen mayafi.

"Ke ɗiyar nan, ga Hajiya maƙwabciyata. Tun shekaranjiya ba ta iya cin tuwo, harshe ya kumbura. Duba mata."

Na yi ƙasa da murya. "Gwaggo, don girman Allah, intabiyu ake yi mini."

Ta leƙa kwamfutar. "Mi? Wannan ce babbar likitar taku? Kai, mun taki sa'a! Hajiya, matso ki gwada mata da kanki."

Kafin in miƙa hannu, Hajiya ta sunkuya, ta kai fuska dab da kyamara, ta zaro harshe iya tsawonsa ta ce, "Aaa." Ni na ɓace, littattafaina sun ɓace, babu abin da ake gani sai harshen Hajiya.

Farfesa ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Na yi mata bayani, Turancin hanci kuwa tuni ya gudu ya bar ni da na kullum. Ta yi dariya har ta zame daga allon. Da ta dawo sai ta ce kada in sallame su. Tambayarta ɗaya ce: in yi wa Gwaggo bayanin abin da nake son karantawa, da harshenta. Ta ce ita ba ta jin Hausa, amma fuskar Gwaggo za ta kalla.

Na fara jero manyan kalmomi, Gwaggo ta yamutsa fuska. Gumi ya keto mini. Can na ce, "Gwaggo, da kika je aikin Hajji kika dawo kina ciniki da Larabci, wa ya koya miki?"

"Wa hwa? Yunwa da 'yan kasuwa."

"To ni shekara da shekaru ina koya wa yara Turanci, amma ko tumatir ba za su iya saye da shi ba. Dalilin nake so in gano."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Yo ashe ke ce marar lahiyar. To ki tsaya su duba ki da kyau."

Na fassara wa Farfesa. Ta ce da wannan zan fara bincikena. Hajiya kuwa ta yi tsaki da kumburarren harshenta, ta ce ita wa zai duba ta? Sai da na saka su a Keke Napep zuwa asibiti na gaskiya.

Da yammacin ranar na zaɓi jami'ar 'yan tsirfa, su ma daga baya suka ɗauke ni. Na sha wuya. Sabis ya ɗauke ana tsakiyar darasi, wuta ta tafi ina rubuta jinga. Mafi ciwo shi ne ranar da aka sa na naɗi muryata a aji na saurara: ni ce ke zuba tun daga farko har aka kaɗa ƙararrawa, yara ba su ce komai ba sai "Yes ma." Yanzu ajina ya fi kowanne surutu, shugabar makaranta har ƙorafi take yi.

Abin da na koya shi ne, idan za ki zaɓi makaranta, kada ki nemi wadda za ta lallaɓa ki. Ki nemi wadda za ta yi miki tambayar da za ta sa ki gumi a cikin ɗakinki. Kuma in dangi suka tambaye ki me kike karantawa, ki zauna ki yi bayani dalla-dalla, don da kin ce ilimin ƙasa ne, tsaf za a kawo miki rikicin gona.