Kwana Biyu Tsakanin Duwala da Biktoriya

Ina kan keken ɗinki a kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, aka kawo mini takardar waya. Maƙwabcin rumfata da ya yi makaranta ne ya karanta mini, don da Faransanci take: Yaya ba lafiya, in zo maza. Yayata ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, daga baya aure ya kai ta Biktoriya, can bakin teku, inda mijinta ke sana'ar fawa.

Kawunmu ya ce mota za ta ci mini kwanaki, ya nemo mini tikitin jirgin sama. Ban taɓa shiga ba. Da hantsi muka tashi, kafin la'asar ga ni a Duwala, ana zuba ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba.

An faɗa mini akwai ƙaramin jirgi da ke zuwa Tiko, kusa da Biktoriya. Wani ma'aikacin filin jirgin ya nuna mini taswira a bango, ya ɗora yatsu biyu dab da juna. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Amma jirgi ba zai tashi ba sai sama ta washe. Na nemi mota, aka ce ruwa ya ci hanya.

Washegari ma haka. Na zauna a benci ina kallon jirgin a ajiye, ruwa na dukansa. Na roƙi ma'aikacin da Hausa, na roƙe shi da Fillanci, ya ɗaga kafaɗa kawai. Ban san sanda na fara kuka ba.

Wani dattijo mai shara ya jingine tsintsiyarsa. Kirista ne, mutumin duwatsun arewa, ya daɗe a kudu.

“Ɗan'uwa, me ya faru?”

Na gaya masa.

“Bar jirgin nan,” in ji shi. “Masunta na bi ta cikin rafuka har Tiko. Kana tsoron ruwa?”

“Baba, ko a bayan kada ne zan hau.”

Shi ya raka ni bakin kogi, ya yi magana da masu kwalekwale da yarensu. Da gari ya waye muka tashi. Na saba tsallake kogin Binuwai, amma wannan daban ne: itatuwa tsaye cikin ruwa, ba tudu, ba mutum. Suka miƙo mini gwangwani, na yi ta kwashe ruwa har hannuna ya mutu. Sau biyu muka kafe a laka, muka jira ruwan teku da ya janye ya dawo. Duk sanda na ce, “Saura nawa?” sai su nuna gaba da haɓa.

Daga Tiko motar ayaba ta ƙarasa da ni. Na sami mijin Yaya a ƙofar gida, ya riƙe hannuna.

“Tana nan. Shiga.”

Ta rame har ban so in dube ta ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Auta, kayanka a jiƙe. Ku ba shi riga.”

Na zauna kusa da ita ina ba ta ruwa da cokali. Ta tambayi kawu, ta tambayi ko na gyara rufin ɗakin mahaifiyarmu. Na ce na gyara, alhali ban gyara ba.

Kwana uku na samu tare da ita. Ranar Juma'a da safe ta cika, aka binne ta a gindin dutse cikin baƙar ƙasa. 'Yarta ƙarama na taho da ita Garwa, a gidana ta girma.