Rubutun Kawu a Takardar Ƙosai

Jiya na sayi ƙosai a Sabo, aka ƙunshe min a takarda. Ina buɗewa na ga rubutun Kawu da jan biro: put up with, jure wa abu.

Raina ya ɓaci. Shekara guda da rasuwarsa, har 'ya'yansa sun watsar da littafin da ya shirya ni don jarrabawar Turanci da shi.

A zaurensa muke karatu, yana tauna goro. Ran da irin waɗannan kalmomi suka ishe ni na jefar da biro, cewa ya yi, "Ɗauko. Kalmomi ne suka haɗu suka sauya ma'ana, ba aljanu ba."

Na koma wurin mai ƙosai neman sauran shafukan, ta ce ta hura wuta da su.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. 'Ya'yanka kuwa, ban huce da su ba tukuna.