Ciwon da Bai Kwana Uku Ba

A gidanmu na Tsamaye ba a kiran ciwo da sunansa sai ya kwana uku. Inna, mahaifiyar babana wadda ta rene ni, ta gaji wannan daga mijinta, malami mai yawan haƙuri. Ciwo baƙo ne, in ji ta. Ba a yi wa baƙo ƙorafi ranar da ya sauka. In ya kwana uku bai tafi ba, sannan a gaya wa mutane, a nemi magani.

Shekarar da nake faɗi mu biyu muka rage a gidan. Babana ya kwashe iyalinsa zuwa Sakkwato tun da hanyoyi suka daina daɗin bi, Inna kuwa ta ce ba ta barin ɗakinta. Ni na dawo daga karatu, na sami aikin koyarwa a wata firamare, na zauna da ita. Ɗakuna huɗu a rufe. Da yamma nakan zauna bakin rumbu in saurari gero yana kaɗawa a bayan danga, kamar mutane suna hira da ba a gayyace ni ba.

Ni ciwon ya fara kamawa, a tsakiyar damina, bayan ya zaga ajina. Ina iya tuna lokacin. Ina rubutu a allo, lafiyata lau, kafin in kai ƙarshen layi sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Kai ya ɗau ciwo, gaɓoɓi kamar an daka ni a turmi, maƙogwaro ya bushe, ga tari marar kaki. A damina kowane zazzaɓi na sauro ne a wurinmu, don haka na sha maganin da kowa ke sha. Inna ta dafa mini ganyen dogon yaro na yi sirace. Muka ƙirga kwana uku.

A rana ta huɗu na hau babur zuwa Sabon Birni. Malamar asibiti, wata dattijuwa mai tabarau, ta soki yatsana ta gwada jini. Babu cutar sauro. Ta tambaye ni ko a hankali abin ya zo. Na ce a'a, farat ɗaya.

"To wagga ba murar da kika sani ba ce," in ji ta. "Infuluwenza ce, babbar mura. Ƙaramar mura a hanci take farawa, ta bar ki kina aikinki. Wagga ko kayar da mutum take."

Ta ce akwai magani mai karya ƙarfin ƙwayar cutar, amma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyun farko. Ni yarinya ce, in huta, in sha ruwa da yawa, za ni warke. Har na miƙe ta ce, "Akwai tsoho a gidanku?"

Na ce akwai kakata, kuma tana da ciwon fuka.

Ta cire tabarau. "In ya kama ta, kada ki jira. Ranar nan ki kai ta ga likita a Isa. In kika ga numfashi na yi mata wuya, ko ƙirji na ciwo, ko ta fara rikicewa, ko takalmi kada ki tsaya nema."

Na koma gida ina kawar da fuska in za ni yi tari, na ware kofina. Amma Inna ta riga ta yi kwana huɗu tana shafa mini goshi.

Ranar Talata da hantsi tana tankaɗen garin fura sai na ji rariya ta faɗi. Na fito na same ta dafe da bango, haƙoranta suna haɗuwa. Na taɓa wuyanta, zafi rau.

"Inna, mi ya same ki?"

"Lahiyata lau. Rariyar ce ta tsufa."

"Tashi mu tai Isa."

"Isa? Yau ɗin? Ke 'yar boko, ciwon da ko sallar azahar bai gani ba za ni kai ma likita? Ya yi mini dariya?"

Na gaya mata abin da malamar asibiti ta ce, na kwana biyu. Ta ja zane ta rufa. Ta ce likita na da biyunsa, ita tana da ukunta, kuma nata ya girmi nasa. Ta juya fuska bango.

Na fita tsakar gida. Babu wanda za ni kira ya sa baki. Wayar babana ba ta shiga, maƙwabciyarmu ta ƙaura tun bara. Daga ɗaki ina jin numfashin Inna yana fita da ƙaramin fito, irin wanda na sani tun ina ƙarama. Na tsaya ina kallon garin da ya zube, kaji suna tsattsaga. Da ni kaɗai ce da na bi ta, don ban taɓa musa mata ba. Amma in na bi ta, ranar da za ta yarda ita ce ranar da maganin zai rage amfani.

Na koma na durƙusa bakin gadonta.

"Inna, baƙon ga ba yau ya sauka ba. Ni na kawo shi. A ɗakina ya kwana bakwai, kin ba shi sirace, kin ba shi kunu. Ɗaki kawai ya sake. Haƙƙinsa na kwana uku mun biya har da ƙari."

Sai kafaɗunta suka fara motsi, dariya ta zo mata, tari ya tare ta. Da ya lafa ta ce, "Ja'ira. Kakanki ma bai iya wanga wayo ba. Ɗauko mini mayafi."

Mai babur ya kai mu Sabon Birni, na riƙe ta ta baya, ba ta fi damin kara nauyi ba. Daga can muka shiga mota, na ɗaura mata gefen mayafi a hanci saboda mutane. Mun isa Isa bayan la'asar. Likitan ya saurari ƙirjinta, ya gwada jini, ya ce ta kwana a wurinsu. Ya rubuta maganin, ya ce ba irin wanda ake samu a kowane kanti ba ne. Na zaga kemis uku. Kowa ya miƙo mini maganin sauro. Daga ƙarshe likitan ya yi waya Sakkwato, aka ce za a ba direban motar safe.

Washegari na zauna a tasha tun hantsi. Kowace mota ta tsaya sai in miƙe. Mutane suna sauka, ana tarbarsu, ana karɓar kayansu. Ni ina ƙirga awoyi da yatsu a cikin hijabi. Sai da azahar ta gota wani direba ya ɗaga ƙaramin ƙunshi yana tambayar jikar tsohuwa. Inna ta haɗiyi ƙwayar farko kafin kwana biyun su cika.

Ban san rabon magani da rabon sauran kwana a cikin abin da ya biyo ba. Na san dai zazzaɓin ya sauka a hankali, fiton ƙirjinta ya yi sauƙi. Ranar Juma'a da safe ta buɗe ido, ta nemi fura, ta ƙirga da yatsunta.

"Yau kwana uku," ta ce. "Yanzu kina iya gaya ma mutane ba ni da lahiya."

Na fita ƙarƙashin bishiyar da ke tsakar asibitin da waya a hannu. Na daɗe a tsaye ina duba sunaye. Sannan na koma ciki na dama mata furar.