Shekarar da Yaya Alkasim Ya Bar Shuka

Yayana Alkasim shekara talatin da takwas ya yi yana haƙa rijiya. Daga nan Attantane har El Alasan Mairairai, da wuya ka sha ruwan gari uku a jere ba ka sha na hannunsa ba. Ƙasarmu kuwa kun san ta, rowar ruwa gare ta, sai an yi gaba talatin, wani wurin arba'in, kafin a ga laima. Shi mutum ne marar magana. Ni Hafsa ƙanwarsa, Allah ya ba ni nawa bakin ya haɗa mini da nasa, shi ya sa labarin ya faɗo hannuna.

Tun yana saurayi wani Bazabarme ma'aikacin ruwa ya ce masa can wajen Yamai akwai gari a tsakiyar kogi, ruwa gaba ruwa baya, ga mangwaro ko'ina, sai da kwale-kwale ake shiga. Tsibiri ake ce masa. Yaya ya ɗauka zolayar baƙauye ake yi, amma maganar ta zauna masa. Matarsa Marwa, Allah ya jiƙanta, in ta so tsokanarsa sai ta tambaye shi yaushe ne tafiyar, ta wanke zanenta.

Bayan rasuwarta yara suka watse. Lamine yana gareji a Maradi, Shamsiyya ungozoma ce a likitar Korgom, wato asibitin garin, auta Hamida tana lise, babbar sakandare, a Tasawa. Shekara shida ba su taɓa haɗuwa su uku rana ɗaya ba, ko da salla. In wannan ya zo waccan tana aiki, in waccan ta samu dama wannan mota ta riƙe shi.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Ni na raka shi Maradi. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiya ce ke mutuwa, gefe ya riga ya tafi, tsakiya kaɗai ta rage, kuma baɗi war haka sai dai sanda. Yaya ya ce gani yake kamar mai kallon sama daga gindin rijiya. A mota muna dawowa ya sunkuyo kunnena.

"Hafsa, zan kai ɗiyan nan tsibiri tun ina gani. Kar ki hwaɗa ma kowa, ko tahiyar ko idon."

A gidanmu tun kakanni ba a faɗin tafiya, don tafiyar da aka faɗa baki ke kama ta. Mutum sai ya sa takalmi ake sanin fita zai yi. To ni aka ɗora wa wannan kaya, wata takwas cur! Wallahi har ramewa na yi.

Ya zaɓi makon da Hamida za ta gama bak, jarrabawar fita lise, ya sa Shamsiyya ta nemi konje, wato hutun aiki, ya aika wa maigidan Lamine roƙon kwana biyar, duk ba tare da ya faɗi dalili ba. Na ce masa Yaya, bakin damina ne fa. Ya ce kafin nan an yi shuka an gama. Ashe shekarar ruwa zai yi jinkiri, har makon ya zo ƙasa na nan a bushe.

Ranar Alhamis suka iso, kowa da zulluminsa. Lamine ya ja ni gefe ya ce Gwaggo, aure Baba zai yi ko? Na ce wa za ta auri bango. Sai bayan an ci tuwon rana Yaya ya gaya musu gobe da sassafe za a kama hanyar Mayahi, daga nan Maradi, daga nan Yamai, har tsibiri. Hamida ta yi tsalle kamar 'yar yaye. Shamsiyya ta fara faɗan ba ta zo da kayan kirki ba. Shi kuwa gogan ya shiga ɗaki ya fito da jarka cike da ruwan rijiyarsa, wai shi ba ya shan ruwan da bai ga gindinsa ba. Mutum zai je kogi da guzurin ruwa! Muka yi dariya har da hawaye, bai fasa ba.

Da la'asar hadari ya taso daga gabas. Aka yi ruwa, ruwa na gaske, irin wanda aka yi wata guda ana roƙo. Yana ɗaukewa Yaya ya fita bayan gida ya tona ƙasa da hannu, danshi har gwiwar hannu. Ya dawo bai kalli kowa ba, ya sauko da sungumi daga rumbu, ya fara kwance buhun iri. Kowa ya gane. Danshin shuka kwana biyu ne, in ya wuce ka ya wuce, kuma ranar shuka ba wanda za ka ɗauka aiki, kowa na gonarsa. In sun tsaya shuka kuma kwanakin Lamine ba za su kai Yamai su dawo ba.

Yaran ba su san zancen ido ba. Shamsiyya, don ta kwantar masa da hankali, ta ce, "Baba, ba komi, baɗi ma tahi."

Ya ce, "To, baɗi."

Nan raina ya ɓaci. Na san ko za a yanka shi ba zai roƙi kowa ba. Na yafa gyale na nufi bakin rijiya, rijiyar da shi ya haƙa, inda mata ke cike kafin magariba. Na zazzage musu komai, tafiyar da idon, ban rage ko ƙwaya ba. Na ce ga wanda kuke shan guminsa safe da yamma, gobe zai bar abin da ya yi shekara talatin yana so saboda gona ɗaya. Ina faɗa ina kuka, ina jin kunyar amanar da na ci, amma ban yi shiru ba.

Bayan sallar asuba muka ji hayaniya a ƙofar gida. Kowane gida ya cire mutum ɗaya daga gonarsa, ranar da hannu ɗaya ma ba ƙaramin rashi ba ne. Har daga ƙauyen da ke arewa da mu wasu suka zo a amalanke. A gabansu akwai tsoho Cindo, wanda ya yi shekaru yana riƙe wa Yaya igiya in ya shiga rijiya. Yaya ya fito ya fara cewa a yi haƙuri, kowa ya koma gonarsa. Cindo ya katse shi.

"Alkasim, kana cikin rami gaba arba'in ranka na hannuna, ba ka taɓa cewa in saki ba. Yau gona ce ba ka yarda in riƙe maka?"

Yaya ya juyo ya harare ni da ɗan ganin da ya rage masa. Shamsiyya, da ta ji zancen idon a bakin mutane, ta yi masa faɗa tana kuka, wai ita da ke aikin likita ita za a ɓoye wa. Shi kuwa ya ɗauki sunguminsa. Ya je gona ya yi bismilla, ya sari rami na fari da hannunsa, ya miƙa wa Cindo sungumin. Sannan ya sa takalmi ya ɗauki jarkarsa. Ni na tsaya kan shuka, kafin azahar an gama.

Sauran a bakin Hamida na ji. Ta ce da suka sauka tsibirin, Yaya ba mangwaron ya kalla ba, durƙusawa ya yi a bakin gaɓa ya tona yashi da yatsu. Bai kai wuyan hannu ba ruwa ya ɓulɓulo. Ya daɗe a tsugune, sannan ya yi dariyar da ba su taɓa ji ba tun rasuwar uwarsu. Ruwan jarkarsa dai shi ya sha har suka dawo.

Yanzu da sanda yake zuwa masallaci. Har gobe in baƙo ya zo sai ya gargaɗe shi kada ya yi sirri kusa da Hafsa. Rannan ina tsince masa wake a zaure na ce to, mai tsibiri, ka dai ga kogin da ka dame mu da shi. Na ɗauka ba zai amsa ba kamar kullum.

"Kogin kam ban gan shi sosai ba, ya hi ƙarhin idona," ya ce. "Amma cikin kwale-kwale baya na zauna, su uku suna gabana. Ɗan wurin da nike gani, Hafsa, daidai su ya ɗauka."