Kaset ɗin da Ya Hana a Nemi Ado

Ku da kuka kama aiki yanzu, ku saurara. Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da muka kai majigi wani ƙauyen masunta kusa da Auyo ba, a daminar 1993. Ni ne mai sharhi, wato hoto na tafiya, ni kuma ina bayani da Hausa a lasifika. A ƙauye kuwa, duk abin da majigi ya nuna maganar gwamnati ce.

Mun tarar ana jimami. Wani masunci, Ado, ya shiga ruwa bai dawo ba, ana ta nemansa da kwale-kwale.

Da muka gama nuna yadda ake tace ruwa saboda kurkunu, sai ogana ya ce a ƙara wani kaset na Turawa don mutane su sha kallo.

Fim ne na ƙarya da aka yi wa shigar labarai. Ga kyamara na rawa, ga likita da farar riga, ga mace tana kuka wai haske ya sauko bakin tafki, wasu halittu sun ɗauke mijinta. Aikin banza ne wallahi! Ba a ko nuna halittun ba, sai ihu da duhu. Amma babu inda aka ce wasa ne, ba waƙa, ba jarumi, balle mutum ya gane.

Washegari babu wanda ya yarda ya taɓa kwale-kwale, wai halittun nan ne suka ɗauke Ado. Matar Ado, Talatu, ta bi gida-gida tana roƙo, kowa ya sunkuyar da kai.

Muka je wajen mai gari, na ce, “Ranka ya daɗe, wasan kwaikwayo ne fa.”

Ya dube ni. “To, Malam, na tace ruwan ma wasa ne?”

Muka tattara kayanmu muka tafi.

Daga baya aka tsinci gawar Ado cikin kacalla, wannan doguwar ciyawar ruwa, taru ya naɗe masa ƙafa. Wasu masu noman shinkafa sun ce bayan an nuna fim ɗin sun ji ana kira daga wajen, suka zata halittun ne, suka gudu.

Har yau abin na ci mini rai. Aikinmu amana ce, mutanen nan ba hoto suke kallo ba, mu suka yarda da mu. Da muka koma da rani, mata sun daina tace ruwa.